Kimiyya A Ƙofar Gida: Magudanar Ciyawa, Dabarar Rage Wa Ruwan Sama Gudu

Bazara ta kankama, manoma sun fara sharar gona da kai taki, nan da 'yan makonni kuma hadari zai fara haɗowa daga gabas. Saboda haka a wannan mako za mu duba abin da ruwan sama yake yi bayan ya sauka ƙasa, da kuma abin da ɗalibin sakandare zai iya yi a kai da fartanya da igiya da ɗan lissafi.

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ko garuruwa irin su Damaga, ya san yadda hantsi yake bayan an kwana ana ruwa a watan Agusta. Hanyar zuwa makaranta ta tsage, tushen ginin aji ya fito fili, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube, jan ruwa ya kwashi yashi da leda ya jibge a ƙofar gidan da ya fi kowanne gangare. Idan aka kai watan Fabrairu kuma, a wannan garin dai za ka tarar da layin jarkoki a bakin famfon burtsatse tun asuba. Ruwan da muke nema a rani, wani ɓangarensa shi ne wanda ya wuce ta ƙofarmu a guje da damina, bai samu damar shiga ƙasa ba.

Mu fara da lissafi

Idan ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet suka ce an yi ruwa na milimita ɗaya, ma'anarsa ita ce kowane murabba'in mita ɗaya ya samu lita ɗaya ta ruwa. Wannan ƙa'ida ce mai sauƙin riƙewa, kuma da ita za mu yi aiki.

Mu ɗauki ginin azuzuwa mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10. Faɗin rufinsa ya kama murabba'in mita 300 ke nan. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina a yankinmu, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 9,000. A jarka mai cin lita 25, jarka 360 ke nan. Idan kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, kura 30 cur ta zube daga kwano ɗaya, sau da yawa cikin ƙasa da awa guda. Mu ƙaddara daminar ta ba da milimita 700 gaba ɗaya: rufin ya zubar da lita 210,000, wato jarka 8,400.

Yanzu ku ƙirga gine-ginen makarantarku, ku haɗa da masallaci da ofis da ɗakin gwaje-gwaje. Ku ƙara da filin taro da ƙafafun ɗalibai suka daddaɓe har ya zama kamar siminti. A daji, ganye da ciyawa da ramukan gara da na tsutsa suna tare mafi yawan ruwan, su ba shi lokaci ya nutse. A cikin gari kuwa kwano da kwalta da daɓe ba sa shan ruwa. Duk gidan da aka sauya wa rufi daga soro ko jinka zuwa kwano, aka kuma shafe tsakar gidansa da siminti, ya ƙara wa titi kaya. Shi ya sa tsofaffi kan ce a da ruwa ba ya shiga unguwa kaza, yanzu yana shiga. Ba lallai ne ruwan saman ya ƙaru ba, wuraren da yake nutsewa ne suka ragu.

Kwatar siminti da iyakarta

Abin da muka saba gani a matsayin magani shi ne kwata ta siminti a gefen titi. Tana da amfani, musamman a tsakiyar kasuwa da lungunan da babu fili. Amma aikinta guda ɗaya ne: ta kwashe ruwa daga nan da sauri ta kai shi gaba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, gaban ina?

Ku tuna darasin fiziks a kan ƙarfin abu mai motsi. Idan gudun abu ya ninka sau biyu, ƙarfinsa yana ninkawa sau huɗu ne. Siminti santsi gare shi, ruwa yana samun gudu a kansa. A wurin da kwatar ta ƙare, sau da yawa a bakin gari ko a gindin kwalbati, ruwan yana faɗowa kan ƙasa tsirara da dukkan ƙarfinsa. A nan ake samun ɗan rami a daminar farko, ya zama kwari a ta biyu, bayan wasu shekaru ya zama kwazazzabo yana cin gonaki yana dosar gidaje. Ga kuma toshewa: yashi da leda da bawon rake suna cika kwata, ruwa ya kwanta ya yi baƙi, sauro ya samu gida.

Injiniyoyi suna da lissafin da suke auna gudun ruwa a cikin magudana, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Ailan mai suna Robert Manning ya gabatar a 1889. A cikin lissafin akwai lambar da ke nuna kaushin wurin da ruwa yake bi. Ta siminti kimanin 0.013 ce. Ta ciyawa mai kauri, idan ruwan bai shanye kanta ba, tana kai 0.15 ko fiye. Iya girman lambar, iya raguwar gudu. Ke nan a gangare iri ɗaya da zurfi iri ɗaya, ruwan da ke ratsa ciyawa yana tafiya ne da kusan kashi ɗaya cikin goma na gudun wanda ke bin siminti.

Mece ce magudanar ciyawa?

Masu Turanci suna kiranta suwel. Mu a nan za mu kira ta magudanar ciyawa. Kwari ne marar zurfi, mai faɗi, wanda gefunansa suka kwanta a hankali kamar bakin faranti, aka shuka ciyawa a cikinsa da gefensa gaba ɗaya. Ruwan da ya zubo daga rufi ko fili yana shiga ciki ya bazu, maimakon ya taru a siririyar hanya ɗaya.

Da zarar ruwa ya shiga, ciyawar tana rage masa gudu. Idan gudu ya ragu, ruwan ba ya iya riƙe yashi da laka da ya ɗauko, sai ya sauke su a gindin ciyawa. Saiwoyi kuma sun riga sun huda ƙasa sun buɗe ƙananan hanyoyi, ta nan wani kaso na ruwan yake nutsewa, ya jiƙa ƙasa, wani ma ya gangara ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyinmu ke sha. Abin da ya rage ya fita ta ƙarshen magudanar, amma ya fita a makare, da ƙarancin yawa da ƙarancin datti. Wannan jinkirin yana da muhimmanci, domin ambaliyar cikin gari tana faruwa ne idan ruwan kowane gida ya isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Masana tsara birane suna sa wannan dabara cikin abin da suke kira gini mai sauƙin illa ga muhalli. Manufarsa ita ce bayan an gina wuri, ruwa ya ci gaba da nutsewa kusan yadda yake yi kafin a gina shi, a kuma kula da shi tun a inda ya sauka.

Ciyayin suna nan a garinmu

Abin da zai faranta muku rai shi ne ba sai an yi odar komai daga waje ba. Ciyayi uku da suka dace da wannan aiki duk mun san su da sunansu.

Ta farko ita ce jema, wadda ke fitowa a fadama, mata ke saƙa faifai da karanta, ake kuma son saiwarta saboda ƙamshi. Tun da daɗewa manoman ƙasar Hausa suna dasa ta a kan iyakar gona, domin tana zama inda aka dasa ta shekara da shekaru. Tana da 'yar'uwa a ƙasar Indiya wadda duniya ta sani da sunan betiba, wadda aka auna saiwarta ta nutsa mita uku har huɗu. Daga shekarun 1980 Bankin Duniya ya riƙa tallata ta don hana zaizayar ƙasa, kuma daga 1991 Sarki Bhumibol na ƙasar Tailan ya sa aka riƙa dasa ta a faɗin ƙasarsa. Idan aka jera jema a layi, gindi kusa da gindi, tana zama kamar rariya: ruwa ya wuce a hankali, ƙasa ta tsaya. Tana jure kwanciyar ruwa, tana kuma jure fari.

Ta biyu ita ce gamba, wadda muke yin zana da ita. Tana son jigawa da wuri mai tsandauri, ba ta son ruwa ya daɗe a gindinta, don haka wurinta shi ne saman gefen magudana. Ta uku ita ce ciyawar kiri-kiri, mai yaɗo a ƙasa, wadda manomi ba ya ƙaunar gani a gonarsa saboda wuyar kashewa. Wannan taurin kan nata shi ne ake bukata a ƙasan magudana, inda za ta shimfiɗu ta rufe ƙasa ruf. Ciyayi irin su kyasuwa da burburwa za su fito da kansu, amma suna mutuwa da rani, don haka ba a dogara da su. Ruwan farko na damina shi ya fi ɓarna, domin yana tarar da ƙasa tsirara. Ana bukatar ciyawar da saiwarta ke raye tun kafin ya zo.

Abin da wasu suka yi

Ba sai mun yi nisa ba. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba, an fara wani babban aiki a yankin Keita a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen ƙauyuka, akasarinsu mata, suka riƙa haƙa ramuka da jera duwatsu da ɗaga kunya a gicciyen gangare, suna dasa itatuwa a bayansu, har filayen da suka zama faƙo suka sake yin kore. A yankin Illela kuma manoma sun rungumi tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, da kuma rabin-wata, rami mai siffar jinjirin wata da ke buɗe baki ga ruwan da ke gangarowa. A Burkina Faso, manomi Yacouba Sawadogo ya shahara a duniya saboda farfaɗo da irin waɗannan ramuka, har aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018. Waɗannan duk a gona ake yin su, amma tunaninsu ɗaya ne da na magudanar ciyawa: a tsayar da ruwa a inda ya sauka. Abin da ya rage mana shi ne mu shigo da tunanin cikin gari.

A birnin Siyatul na Amurka an gwada haka a wani layin unguwa a 2001. Aka rage faɗin kwalta, aka yi magudanun ciyawa da tsirrai a gefe biyu. Da aka yi shekara biyu ana aunawa, sai aka ga ruwan da ke barin layin ya ragu da kashi 99 cikin 100. Sai dai mu lura, ruwan Siyatul yawanci yayyafi ne mai daɗewa, namu kuwa kamar da bakin ƙwarya yake zuwa. Kada mu sa ran samun wannan adadi a nan.

Ƙasar Sin ma ta fara shirin da ta kira birni mai kama da soso, inda ta zaɓi birane 16 na gwaji a 2015, ta ƙara 14 a 2016. Duk da haka, a watan Yulin 2021 an yi ruwan sama da ya haura milimita 200 cikin awa ɗaya a birnin Zhengzhou, wanda ya kashe kuɗi mai yawa a irin wannan shiri, kuma ɗaruruwan mutane suka rasu. Wannan ya nuna mana iyakar dabarar. Magudanar ciyawa maganin ruwan yau da kullum ce, wanda ke cin hanya da tushen gini a hankali. Ba za ta tare kogi idan ya cika ya batse ba, irin abin da ya faru a Gummi a watan Agustan 2024, inda dubban mutane suka rasa matsuguni. Wannan yana bukatar gargaɗi da wuri, da barin gini a kan hanyar ruwa, da manyan ayyukan gwamnati.

Darasin Bakalori

Mu 'yan wannan yanki muna da babban malami a kan harkar ruwa, wato madatsar Bakalori da ke kan Gulbin Sakkwato. An kammala ta a 1978, tana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 450, tafkinta kuma ya mamaye kimanin hekta 8,000. Shinkafa da tumatir da albasa da rogon da ake nomawa da rani a Mafara da Bakura, albarkacinta ne. Amma tafkin ya shanye gonaki da garuruwan dubban mutane a ɓangaren Maradun, kuma rigimar diyya ta kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Can ƙasa da madatsar kuma, manoman fadama da masunta sun ga ambaliyar shekara-shekara da suke dogaro da ita ta ragu, amfanin gona da kifi suka ja baya.

Darasin da za mu ɗauka shi ne, duk wanda ya sauya wa ruwa hanya ya taɓa rayuwar wani, ko madatsa ya gina ko ɗan kwari ya haƙa a bayan aji. Kafin ka sa fartanya, ka san inda rarar ruwan za ta fita, ka kuma tambayi mutanen da ke wajen. Darasi na biyu: hanyoyin ruwan Bakalori sun yi shekaru suna cikewa da laka da kachala saboda ƙarancin kulawa, har sai da aka sa su cikin shirin gyara na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Aikin ruwa, babba ko ƙarami, idan babu mai kula da shi mutuwa yake yi.

Yadda za a yi ta a makaranta

Mataki na farko kallo ne. Idan aka yi ruwan farko, da zarar ya ɗauke ku fita da takarda da biro. Ku zana taswirar makaranta, ku sa kibiya a duk inda ruwa ya bi, ku yi alama a inda ya kwanta da inda ya ci ƙasa. Ruwa ya riga ya zaɓi hanyarsa, kuma ya fi sauƙi a gyara wannan hanyar da a tilasta masa wata.

Na biyu, a gwada ƙasa. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30, ku cika shi da ruwa, ku bari ya tsotse. Ku sake cikawa, ku sa rula, ku riƙa duba yadda yake sauka kowace awa. Idan cikawa ta biyu ta ƙare cikin yini guda, wurin ya dace. Jigawa takan shanye nan da nan. Laka irin ta fadama kuwa takan riƙe ruwa kwana da kwanaki. A irin wannan wuri kada a yi magudana mai tara ruwa, sai dai wadda za ta wuce da shi a hankali.

Na uku, neman izini. Ku kai taswirarku da sakamakon gwajin wurin malamin aikin gona ko na labarin ƙasa, shi zai shige muku gaba zuwa wurin shugaban makaranta. Idan rarar ruwan za ta fita waje, sai an sanar da mai unguwa da maƙwabta.

Na huɗu, awo. Ga misali: tsawo mita 20, faɗin ƙasa mita 1, zurfi santimita 30. Gefe ya kwanta sosai, wato duk santimita 10 na zurfi a ba shi santimita 30 na faɗi. Ke nan kowane gefe zai ci santimita 90, bakin magudanar ya zama mita 2.8. Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, ga tirafiziyam ta zo muku har gida: a haɗa 1 da 2.8, a raba biyu, a ninka da 0.3, an samu murabba'in mita 0.57. A ninka da tsawo 20, an samu mita kubik 11.4, wato lita 11,400. Ku kwatanta da lita 9,000 na rufin da muka lissafa a sama. Gangaren da ke cikin magudanar zai rage wani abu daga wannan adadi, amma a lokaci guda ƙasa tana shan nata, don haka lissafin bai yi nisa da bukata ba.

Gangaren tsawonta ya zama kaɗan, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ku aro farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa don daidaita gini, shi zai nuna muku. Idan filin ya fi haka gangara, a jera duwatsu a gicciye duk bayan mita 5, tsayinsu bai wuce santimita 15 ba, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa kaɗan don ruwa ya tsallaka ta tsakiya. A bayan kowane jeri a dasa layin jema.

Na biyar, haƙa da dashe. Ku ware ƙasar sama gefe guda, domin ita ce mai taki, ku mayar da ita bayan an gama. Kada a tattake ƙasan magudanar. A inda ruwan indararo ke faɗowa a zuba tsakuwa da fasassun bulo don su karya masa ƙarfi. A raba gindin jema gida-gida, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, bayan ƙasa ta jiƙa, kafin ruwan Agusta. Saboda halin tsaro da yankinmu yake ciki, kada wani ɗalibi ya shiga daji neman ciyawa. A nema wurin iyayenmu manoma da ke da ita a iyakar gonakin kusa da gari.

Abubuwan kiyayewa

Babbar doka ita ce ruwa kada ya wuce kwana biyu a kwance. Sauro yana bukatar kimanin mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa tashi. Magudanar da ta bushe cikin awa 48 ba ta ba shi wannan dama. Idan kun ga ruwa ya kai kwana uku, akwai matsala: ko laka ta toshe ƙasan, ko jerin duwatsun ya yi tsawo. A kankare lakar, a rage duwatsun. Zazzaɓin cizon sauro ya ishe mu, kada garin gyaran gira a rasa ido.

A bar aƙalla mita 3 tsakaninta da kowane gini, idan ginin ƙasa ne a ƙara. Kada ta bi kusa da masai ko bakin rijiya, domin ruwan da ke nutsewa zai iya jan ƙazanta zuwa ruwan sha, kuma mun san abin da amai da gudawa ke yi da damina. A nan shawarar duba-gari tana da amfani. Ruwan sama kaɗai ake sakar mata, ban da na wanka da wanke-wanke da baƙin mai. Kada zurfinta ya wuce abin da muka faɗa, saboda ƙannenmu 'yan firamare.

Awaki da tumaki za su so sabuwar ciyawa, don haka a kewaye ta da ƙaya a daminar farko. Idan ta kafu, a riƙa yanka ana kai wa dabbobi, a bar kamar santimita 15 a ƙasa. Yankan yana hana macizai samun maɓoya. A raba aikin tsintar leda da kwashe yashi tsakanin azuzuwa, a rubuta a jadawalin shara, domin abin da aka ce na kowa ne shi yake fara lalacewa. Kafin 'yan aji shida su fita, su miƙa wa na bayansu taswira da littafin awo.

Idan ramin da ke makarantarku ya riga ya zama kwazazzabo mai zurfin da ya fi tsayin mutum, wannan ya wuce aikin ɗalibai, kada ma ku tsaya a bakinsa bayan ruwa. A rubuta wa ƙaramar hukuma ta hannun shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Akwai shirin ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya, da ke aikin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Zamfara na ciki. Don shawarar awo da ta tsirrai kuwa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga kuma Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Takarda mai ɗauke da taswira da lissafi ta fi koke na baki saurin samun mai saurare.

Aikin wannan mako

Ku auna tsawo da faɗin ginin ajinku, ko na ɗakin da kuke kwana a gida. Idan babu tef, a yi amfani da igiya da rula. Ku lissafa lita nawa rufin zai zubar a ruwan milimita 30, ku mayar da shi jarka. Sannan ku samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku ajiye a fili nesa da bishiya da indararo. Bayan kowane ruwa ku sa rula ku auna zurfin abin da ya taru, ku rubuta da kwanan wata, ku zubar. Zuwa ƙarshen Satumba za ku san adadin ruwan da garinku ya samu da awon hannunku.

Ku aiko mana da lissafinku da sunan makarantarku ta hannun editan wannan shafi, za mu kawo wasu daga ciki. Muna kuma son jin sunan da ake kiran jema da kiri-kiri a garinku, idan ya bambanta. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake tara ruwan rufi a tanki da yadda ake kiyaye tsabtarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya, Ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu. Mu kwana nan.